Yadda za ka yi wa abokin kiɗanka maganar shigarsa ba tare da ƙungiya ta watse ba

Tambaya: Mu biyar ne a ƙungiyarmu ta kiɗa, shekara uku muna tare. Yanzu an fara gayyatarmu manyan wurare, ana kuma ɗaukar mu a bidiyo. Mai kaɗa mana jitar bas gwani ne, amma da kayan da ya wuni da su yake hawa dandamali, riga a yamutse, ƙafa da silifa. Sauran suna ta gunaguni a bayan idonsa, sun ce ni zan yi masa magana tunda ni ne shugaba. Akwai kuma masu cewa mawaƙiyarmu ta yi ƙiba, a daina sa ta a gaba idan za a ɗauki hoto. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, magana biyu ka kawo, kuma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ta mai jita abu ne da za a iya gyarawa. Ta mawaƙiya kuwa jikin mutum ake nufi, kuma a nan aikinka shi ne ka tsawatar wa masu maganar. Bari mu fara da ta farko, domin ita ce mai tsawo.

Kafin ka buɗe baki, tambayi kanka: kun taɓa zama ku biyar kun yanke abin da za a riƙa sawa a dandamali? Akasarin ƙungiyoyi ba su taɓa yi ba. Kowa yana yawo da hoton ƙungiyar a kansa, yana zaton shi ne a kan kowa. Mai jitar nan, a nasa lissafin, ya sauke nauyin da ke kansa: ya zo gwaji, ya haddace waƙoƙi, bai taɓa sakin kiɗa a hanya ba. Shekara uku yana hawa da silifa ba wanda ya ce masa uffan, shiru kuwa a irin wannan wuri izini ne. Idan ka tare shi yau ka ce ya saɓa, zai tambaye ka abin da ya saɓa wa, kuma gaskiya tana wajensa. Don haka zaman farko na ku duka ne, a kan ƙungiyar gaba ɗaya, ba a kan mutum ɗaya ba.

Ka zo zaman da shaida a hannu. A wasanni biyu masu zuwa, ka sa wani ya kafa waya a can ƙarshen zaure, daidai tsayin idon mai kallo, ta ɗauki dandamalin duka daga gefe zuwa gefe, ba tare da an jawo hoton kusa ba. Minti goma zuwa goma sha biyar ya isa. Ranar zama, ku kalli minti uku na farko da sauti a kashe. Dalilin kashe sautin shi ne makaɗi da kunne yake kallo. Muddin kiɗa na tashi, hankalinsa na kan inda ya yi kuskure da inda ya burge. Da zarar sauti ya ɗauke, sai ya ga abin da baƙon da bai san ku ba yake gani: wane ne ya sunkuyar da kai tun daga farko har ƙarshe, wane ne ya juya wa jama'a baya yana ɗaure tsirkiya, jakar wa aka yar a gaban ganguna, waya ta turo aljihun wa, minti nawa ake ɓatawa ana ƙus-ƙus tsakanin waƙa da waƙa. Duk wannan yana cikin kamannin ƙungiya, kuma za ka tarar kowa yana da nasa kason.

Bayan kallon, kowa ya rubuta a takarda kalmomi uku da yake so mai kallo ya siffanta ƙungiyar da su, da abu ɗaya da zai canza a kansa. Kai za ka fara karanta naka, kuma ka faɗi aibi na gaske, wanda kowa ya gani a bidiyon. Idan shugaba ya ce aibinsa shi ne yana yawan damuwa da aiki, kowa ya gane cewa tarko aka ɗana wa wani. Sau da yawa a nan maganar take mutuwa: mai silifa ya ga ƙafarsa a tsakanin takalma huɗu, ya faɗa da bakinsa. Abin da mutum ya gano da idonsa ya fi zama a ransa fiye da abin da aka nuna masa da yatsa.

Lokacin zaman ma yana da muhimmanci. Kada a yi shi dab da hawa dandamali, lokacin da ba abin da mutum zai iya canzawa sai dai ya hau da ɓacin rai. Kada a yi shi bayan an sauko, jiki a gajiye, kowa na jiran yabo. Kada a yi shi a mota, inda wanda aka taɓa ba shi da hanyar tashi ya sha iska. Kada kuma a yi shi a zauren WhatsApp na ƙungiya, domin rubutu ba ya ɗauke da murya, ga shi ana iya komawa a karanta shi sau goma, kowane karatu da sabon zafi. Ka sanar kwana biyu ko uku kafin ranar cewa za a zauna minti arba'in a kan shigar ƙungiya, saboda wuraren da ake kiranku sun canza. Wannan dalilin gaskiya ne, kuma yana ɗauke laifi daga kan kowa.

Abin da za ku yanke ya zama wanda ido zai iya tabbatarwa. "Mu riƙa yin kyau" ba doka ba ce, domin kowa a ganinsa ya yi kyau. Doka ita ce irin wannan: wando baƙi ko mai duhu, rufaffen takalmi, riga marar rubutu ko tambarin kamfani, launinta ɗaya daga cikin uku da aka zaɓa, kayan dandamali kuma ba a zuwa da su a jiki, a goge ake kawo su a rataye, a sa su rabin awa kafin a hau. Wannan ta ƙarshen ita kaɗai tana kashe rabin matsalarku, domin rigar da aka ɗauki lasifika da ita aka sha zufa ba za ta yi kyau a fitila ba ko nawa aka saye ta. Ba dole ne ku yi anko ba. Akwai mataki uku: kowa iri ɗaya sak, ko launi ɗaya amma kowa da ɗinkinsa, ko kuma a daidaita matsayin shigar kawai, ta yadda ba za a ga wani kamar zai tafi ɗaurin aure wani kamar zai tafi wankin mota ba. Ƙungiyar da ba ta taɓa yin doka ba, mataki na biyu ya fi karɓar ta.

Kada kuma a ɗauka kamannin ƙungiya yana nufin kwat da laktaye. Ramones, 'yan wata ƙungiyar kiɗa da ta kafu a New York a 1974, rigar fata da yagaggen wandon jins suke sawa, amma dukansu haka suke sawa, da gangan, har suka ɗauki sunan ƙarshe iri ɗaya. Abin da mai kallo ke nema shi ne ya ga an yi niyya. Beatles kuma, shahararriyar ƙungiyar kiɗa ta Ingila, ta ɗaya hanyar suka bi: lokacin da Brian Epstein ya zama manajansu a farkon 1962, da rigunan fata da jins suke wasa, suna cin abinci suna shan taba a kan dandamali. Bai jefa su cikin kwat rana ɗaya ba. Sai da ya raba su da fata da jins, ya sa su suwaita, sannan daga baya aka kai ga kwat da rusunawa tare a ƙarshen waƙa. Ku ma ku ɗauki abu biyu ko uku a karon farko, sauran su jira.

Akwai dalilai na aiki da za su taimake ka ƙwarai, domin suna mayar da maganar daga "ba na son shigarka" zuwa "ga abin da fitila da kyamara ke yi". Baƙar riga a gaban baƙin labule tana ɓatar da jiki, a ga kai da hannaye kawai suna yawo. Farar riga fes a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi tana ƙona hoto, kyamara ta rage haske don ta daidaita, fuskoki su yi duhu. Yadi mai siraran layuka kusa da juna yana rawa a bidiyo kamar ruwa na kaɗawa. Jar fitila tana mayar da koren tufa kusan baƙi, ta kuma sa ja da fari su zama abu ɗaya. Ruwan toka da shuɗi mai haske su ne suka fi tona asirin zufa. Baƙi da yadi mai zane suna rufe ta. Yadin roba yana riƙe zafi da wari, auduga tana shan iska amma tana saurin yamutsewa. Daga nisan mita ashirin kuma ba wanda ke ganin kyan maɓalli ko tsadar agogo, abin da ke isa can launi ne da siffar tsayuwar mutum. Saboda haka kafin a kai wa tela yadin mutum biyar, a ɗinka guda ɗaya, a gwada ta a ƙarƙashin fitila, a ɗauke ta a waya.

Kowane kayan kiɗa ma da abin da yake buƙata, kuma dokar da ta manta da wannan ba za ta kai wata guda ba. Mai ganguna yana buƙatar hammata a sake da takalmi mai siririn tafi don ya ji abin takawa a ƙafarsa. Ka sa shi kwat mai matse kafaɗa, waƙa ta uku zai tuɓe ta. Mai jita, kan bel na ƙarfe yana kankare masa bayan jita, maɓallin hannun riga yana kama tsirkiya, maɗaurin jita kuma yana tattare riga a kafaɗa, bas ga nauyi. Mai fiyano ba ya son hannun riga mai faɗi da zai riƙa share maɓallai. Mai waƙa, awarwaro da dogayen 'yan kunne suna ƙara a makirufo, idan kuma da na'urar kunne marar waya ake aiki, dole a sami bel ko aljihun da za a maƙala ta. Ka bar kowa ya faɗi nasa. Mai yiwuwa a nan za ka ji dalilin silifar: ƙafa ce ke kumbura idan an daɗe a tsaye, ko daga wurin aiki yake wucewa kai tsaye ba ya samun komawa gida.

Ko kuma kuɗi ne, wanda shi ne dalilin da ba a faɗa a gaban mutane. Mutum ya gwammace a ce masa ba ya kula da a gane ba shi da halin saye. Kada ka jira ya faɗa. Ka kawo shawara tun a zaman cewa kayan dandamali na ƙungiya ne kamar yadda lasifika take ta ƙungiya: a riƙa cire wani kaso, misali biyar ko goma cikin ɗari, daga kuɗin kowane wasa kafin a raba, a ɗinka wa kowa kala biyu, domin idan wasa ya zo kwana biyu a jere ɗaya na wanki ɗaya na jiki. A kuma yanke tun yanzu wanda zai riƙe kayan idan mutum ya bar ƙungiya.

To, a ce an yi duk wannan, wasa biyu sun wuce, mutuminka bai canza ba. Yanzu ne lokacin magana ta ku biyu. Ka same shi shi kaɗai, a wurin da ba mai jin ku, ka shiga maganar kai tsaye ba tare da dogon zagaye ba, domin zagaye yana sa zuciya ta yi ta raya abin da ya fi wanda za a faɗa muni. Wani abu kamar haka: "Mutumina, akwai maganar da nake so mu yi, mai ɗan nauyi ce, shi ya sa na ce mu keɓe. Mun yanke rufaffen takalmi da riga a goge, wasa biyun nan na ga ba haka ka hau ba. Kiɗanka ba wanda ke da ta cewa a kai. Akwai abin da ya hana ne?" Daga nan ka yi shiru, ka bar shi ya yi magana, ko da shirun ya yi tsawo. Masu wannan magana sun fi yin kuskure a daidai nan: nauyin shirun ya dame su, su cike shi da ƙarin laifuffuka, a tashi daga takalmi a koma makarar da ya yi bara.

Kada ka ce "kowa na cewa". Ka san gaskiya ne, amma abin da zai ji shi ne mutum huɗu sun zauna sun ci namansa, kuma daga ranar zai riƙa shiga gwaji yana duban fuskoki. Ka yi magana da bakinka, a kan abin da idonka ya gani. Idan ya tambaye ka ko sauran sun yi maganar, kada ka yi ƙarya. Ka ce an yi, kai kuma ka ga ya fi dacewa ya ji daga bakinka. Kada ka sa abin cikin barkwanci, irin a riƙa tsokanarsa da silifa ana dariya. Mai yi yana ganin hannunka mai sanda yake yi, wanda ake yi wa kuwa ko dai ya ɗauka wasa ne ya share, ko ya gane ya ƙullace. Kada kuma ka aika wani. A watan Agustan 1962, da Beatles suka yanke rabuwa da mai gangunansu Pete Best, manaja suka bari ya faɗa masa, ba ɗaya daga cikinsu da ya fuskance shi, kuma har yau idan ana ba da tarihinsu sai an ambaci wannan. Wanda kuka sha wahalar shekara uku tare ya cancanci ya ji daga gare ka.

Idan ya fusata, kada ka janye maganar, kada kuma ka ƙara mata wuta. Ka ce masa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ka ba shi kwana biyu. Mutane da yawa suna musu a ranar, su zo wasa na gaba da takalmi ba tare da sun ce komai ba. Idan haka ta faru, kalma ɗaya a keɓe ta isa. Kada a yi masa tafi a gaban jama'a kamar yaron da ya yi wanka.

Warin jiki ko na baki, idan ya taso, ba ya shiga zaman ƙungiya ko kaɗan. Mutum ɗaya, wanda ya fi kusa da shi, a keɓe, a ƙarshen gwaji don ya samu ya tafi gida kai tsaye, cikin jimla biyu ko uku. Mai abin yawanci ba ya ji, domin hanci yana sabawa, wani lokaci kuma daga rigar roba ne ko maɗaurin jita da ya sha zufa shekara da shekaru ba a wanke ba.

Yanzu maganar mawaƙiya. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne: abin da mutum zai iya cirewa ya rataye, ƙungiya tana da ta cewa a kai, abin da yake kwana da shi a jikinsa, ƙiba ko rama, tsawo, launin fata, sanƙo, furfura, tabo, wannan ba na ƙungiya ba ne. Ita ta riga kowa sanin jikinta ya canza, kuma ba ku san dalili ba: haihuwa, magani, ciwo, damuwa, ko kuma haka jikinta yake. Tura ta baya a hoto ba ƙaramin abu ba ne. A 1990 muryar mawaƙiya Martha Wash ce ta ɗauki wata shahararriyar waƙar ƙungiyar C+C Music Factory ta Amurka, amma a bidiyon wata siririyar mace aka nuna tana motsa baki. Wash ta kai ƙara, daga baya aka sasanta aka sa sunanta. Muryar da jama'a ke biyan kuɗi su ji, mai ita ce ke tsayawa a gaba. Ka faɗa wa masu gunagunin haka ƙarara, ka kuma gaya musu maganar ta tsaya nan, domin irin wannan ba ta ɓoyuwa. Ranar da ta koma kunnenta, kun yi asarar mawaƙiya ko da ba ta tafi ba.

Abin da ya halatta shi ne abin da ya halatta a kan kowa: kaya su zauna daidai a jiki. Idan za a yi sabon ɗinki, a auna kowa sabon awo rana ɗaya, kowa a keɓe, ba tare da an karanta lambobi a fili ba. A tambaye ta irin ɗinkin da take sakewa a ciki ta ja numfashi sosai, domin rigar da ta matse ciki da haƙarƙari tana rage wa mai waƙa iska. Haka kuma kowane ɗan ƙungiya, mace ko namiji, yana da ikon cewa a'a ga shigar da ta bayyana jikinsa fiye da yadda yake so ko ta saɓa wa addininsa, kuma ba a ƙuri'a a kan wannan. Huɗu ba sa rinjayar ɗaya a kan abin da zai rufe jikinsa da shi. Launi da tsari ne ake daidaitawa su zagaye shi. Idan kuna da hali, ku kawo wani daga waje mai ido a kan sutura ya zauna da ku sau ɗaya. Kamfanin waƙoƙi na Motown, wanda a lokacin yake Detroit a Amurka, ya ɗauki Maxine Powell a 1964 musamman don ta koya wa mawaƙansa tafiya da tsayuwa da shiga. Gyaran da zai yi zafi daga bakin aboki yakan wuce salin-alin daga bakin wanda aikinsa ke nan.

Game da tara, ba na ba ku shawararta. Mawaƙin Amurka James Brown ya shahara da cin tarar makaɗansa a kan takalmin da ba a goge ba da kuskuren kiɗa, amma shi mai gida ne da ke biyan albashi, kuma duk da haka a 1970 akasarin makaɗansa sun bar shi bayan rikici a kan kuɗi. Ku abokan tarayya ne, tara a tsakaninku gaba take haifarwa. Abin da ya fi aiki shi ne jakar ƙungiya ta riƙa tafiya da riga ɗaya ta ko-ta-kwana, baƙar safa, allura da zare, da ƙaramin dutsen guga, a kuma naɗa mutum ɗaya, ba lallai shugaba ba, ya riƙa tura tunatarwar kayan da za a sa kwana ɗaya kafin wasa.

Ku rubuta abin da kuka yanke a shafi ɗaya, ku haɗa da hoton ku biyar cikin shigar da aka amince da ita, domin sabon shiga ko wanda zai riƙe wa wani wasa ɗaya ya gani ya gane. Ku ɗauke shi a matsayin gwaji na wasa uku, ku sa ranar da za a sake kafa waya a ƙarshen zaure a sake kallo. Idan bayan wasa ukun, da kayan a hannunsa da dalilansa duk an saurara, mai jitar ya ce shi fa ba zai sa ba, to maganar ta tashi daga tufa ta koma kan ko inda kuke son zuwa nan yake son zuwa. Wannan zama ne daban, na ku biyar, kuma shi za a fara ba wa dama ya faɗi abin da yake so ƙungiyar ta zama nan da shekara biyu.